Al'ummar da Ba Ta Yaƙi: Yadda Ake Ƙago Ta Ba Tare da Labari Ya Yi Lami Ba

Tambaya: Ina rubuta labarin almara, na ƙago wata al'umma da na raɗa wa suna Raɓawa. Suna zaune a wani kwari mai duhuwar itatuwa, ba sa yaƙi, ba sa sare itace, suna ƙaunar dabbobi da tsirrai. Na rubuta babi shida, amma waɗanda na ba wa suka karanta sun ce mutanen ba su da gishiri. Me zan ƙara a tarihinsu da al'adunsu don su zama kamar mutanen gaske?

Amsa: Ƙanwata, masu karatun nan sun yi miki adalci. Dubi yadda kika kwatanta mini Raɓawa: ba sa yaƙi, ba sa sare itace. Kin lissafa abin da suka bari, ban ji abin da suke yi daga asuba zuwa almuru ba. Yawancin masu ƙago irin wannan al'umma suna ɗaukar zaman lafiya tamkar halitta, wato an haifi mutanen da sanyin zuciya, shi ke nan. To mutumin da ba ya fushi ba shi da abin dannewa, mai karatu kuwa ba ya bin tauraron da babu abin da yake kokawa da shi a ransa. Shawarata guda ce, sauran maganganun duk rassanta ne: ki mayar da zaman lafiyar Raɓawa aiki, mai dokoki, mai ma'aikata, mai tsada. Su yi fushi, su yi kishi, su yi kwaɗayin gonar maƙwabci kamar kowa. Sannan ki nuna mana dabarar da kakanninsu suka ƙirƙiro don kada abin ya kai ga zubar da jini.

Ba sai kin ƙago komai daga kanki ba, domin an yi irin waɗannan mutane a duniya, kuma abin da ya same su ya fi abin da yawancinmu za mu iya ƙagowa ban tausayi. Akwai tsibiran Chatham, kimanin kilomita 800 gabas da Niyu Zilan, mazaunin mutanen da ake kira Moriori. Wurin yana da sanyin da amfanin gonar kakanninsu bai iya yi ba, sai suka koma dogaro da kifi da tsuntsayen teku da dabbobin gaɓa da 'ya'yan wata itaciya da suke kira kopi. A tarihinsu na baka, bayan wani mummunan faɗa tsakanin dangi, wani shugaba mai suna Nunuku ya kafa doka: ba kisa, ba yaƙi. Amma ki lura, bai hana faɗa ba. Idan mutum biyu suka saɓa, an yarda su gwabza da sanda wadda kaurinta bai wuce babban yatsa ba, da zarar jini ya fito kuwa faɗa ya ƙare, magana ta mutu. Ya kuma la'anci duk wanda ya karya dokar da ruɓewar hanji. Suka riƙe wannan ɗaruruwan shekaru.

A ƙarshen 1835 wasu ƙabilu biyu na Maori ('yan asalin Niyu Zilan), Ngati Mutunga da Ngati Tama, waɗanda su ma yaƙi ne ya raba su da ƙasarsu ta Taranaki, suka sauka a tsibirin a jirgin ruwa, su kusan 900, da bindigogi. Moriori suka yi taro a wani wuri da ake kira Te Awapatiki. Samari suka ce a yi yaƙi tunda sun fi baƙin yawa. Dattawa suka ce dokar Nunuku ba riga ba ce da ake tuɓewa idan rana ta yi zafi. Maganar dattawa ta rinjaya. Aka kashe kusan 300, aka bautar da sauran. Al'ummar da ta haura 1,600 ta koma mutum 101 a 1862. Jikokinsu suna nan har yau, kuma a 2020 gwamnatin Niyu Zilan ta sa hannu a yarjejeniyar neman afuwa da biyan su diyya.

Ban kawo miki wannan don ki kwafe shi ba. Zafin wasu mutane ne na gaske, bai kamata a canza musu suna a sayar ba. Na kawo shi ne don ki ga gaɓoɓin da ke riƙe da irin wannan al'ada. Akwai jinin da aka zubar tun farko, wanda ya sa kowa ya ce ya isa. Akwai mutum guda da ake jingina wa dokar. Akwai ƙofar da aka bar wa fushi ya fita. Akwai abin tsoro ga wanda ya karya. Sannan akwai ranar da dokar ta nemi a biya ta da rai, mutane suka kasu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da mai hankali zai saurara. Raɓawanki suna da ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Bari in gwada miki da naki. A ce Raɓawa a da mayaƙa ne, har ma su ne suka fi kowa mugunta a yankin. A wani yaƙi tsakanin gidaje biyu na 'yan uba, ɗaya ya sa wa kurmin ɗaya wuta da bazara, wutar ta ci kwarin duka, idon ruwa ya ƙafe, suka yi shekara bakwai suna lasar raɓar asuba a kan duwatsu kafin itace ya sake tsirowa. Wata tsohuwa da ta rasa 'ya'yanta a ɓangarorin biyu ita ta tara wuƙaƙe da masu ta zuba a busasshiyar rijiya, aka rufe. Rijiyar tana nan a tsakiyar gari, kowa ya san abin da ke ciki, kowane yaro ya san tonon yini ɗaya ya isa a fito da su. Kin ga yanzu mai karatu zai riƙa waiwayar rijiyar nan a kowane babi, ko ba ki ambace ta ba.

Sai kuma rigimar yau da gobe, wadda ita ce ta fi yawa a rayuwa: akuyar wane ta ci shukar wane, wance ta yi wa wance habaici a bakin rafi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. A tsaunukan Malesiya akwai mutanen Semai, waɗanda masana halayyar al'umma suka daɗe suna nazari saboda ƙarancin tashin hankali a cikinsu. Idan rigima ta taso, shugaban ƙauye yana kiran zama, kowa da danginsa, a yi ta magana, kowa ya faɗi nasa ya sake faɗa, wani lokaci har kwanaki, sai kowa ya gaji babu sauran abin cewa. Daga nan a yanke tara, a yi wa ɓangarorin nasiha, a hana sake tayar da zancen. Makaminsu gajiyarwa ce. Kuma masana sun danganta halin nasu da tarihin farautar bayi da aka daɗe ana yi musu, wanda ya koya musu gudu da ɓuya maimakon tsayawa. Wannan ma darasi ne: wani zaman lafiyar tsoro ne ya haife shi, kuma al'ummar da ta san haka game da kanta tana da ciwon da za ki iya taɓawa.

A gida ma muna da dabarar da ta fi wannan daɗi a labari, wato wasan barkwanci: tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. Mutum ya gaya maka baƙar magana a bainar jama'a, al'ada ta hana ka fushi. Hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Ki ba kowane gida na Raɓawa gidan da yake abokin wasansa, ki sa doka cewa abokin wasa ne kaɗai ke da ikon faɗa wa mutum laifinsa a fili, kuma shi ke wanke gawarsa. Nan take kin sami raha, wadda na tabbata babu ita a babi shidan nan, domin masu rubuta salihan mutane sukan manta cewa salihai ma suna dariya.

Yanzu ga batun ƙaunar daji. Tambayar farko da nake yi wa duk marubucin da ya ce mutanensa ba sa sare itace ita ce: da me suke dafa tuwo? Ta biyu: da me suke rufin ɗaki? Idan ba ki amsa ba, mai karatun da ya taɓa zuwa itace daji zai ajiye littafin. Wanda yake rayuwa da daji ba ya tsayawa yana yaba kyan ganye. Ya san wane itace ke hayaƙi, wanne ke gawayi, wanne gara ba ta ci. Ƙaunarsa ilimi ce da lissafi. Dubi manomin Maraɗi ko Damagaram da gawo. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Manomi ba ya barin gawo a gona don tausayi, yana barin sa ne don hatsin gindinsa ya fi kyau. Daga 1983, lokacin da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman Maraɗi kan renon tohon kututture maimakon dasa sabbin itatuwa, an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wani abin da ya taimaka ƙwarai shi ne sassauta tsohuwar dokar gandun daji da ta mayar da itace mallakar hukuma. Muddin itacen gonarka na iya jawo maka tara, gara ka tumɓuke shi tun yana ƙarami. Da ya zama naka, sai ka rene shi. Don haka ki tambayi kanki: a kwarin Raɓawa, itace na wa ne? Na wanda ya shuka, na gida, na gari, ko na matattu?

Ki zaɓa musu itace guda da rayuwarsu ta rataya a kai, ki san shi ciki da bai. Kina iya ƙago shi, amma ki gina shi a kan wanda kika sani. Kuka tana ba da miya da igiya da garin kwaɓawa. Ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa da garin da yara ke sha da makuba ta daɓe. Giginya tana ba da azara da muruci da tabarma. Idan itacen Raɓawa yana 'ya'ya sau ɗaya a shekara uku, to kin sami kalandarsu, kin sami lokacin aure, kin sami shekarar yunwa, kin sami dalilin rumbu da wanda ke riƙe da mabuɗinsa.

Dokar "ba a sarewa" kuwa, ki daddatsa ta ta zama ƙananan dokoki masu iyaka, irin waɗanda ake gardama a kansu. Mutanen Bishnoi na Rajastan a Indiya suna bin ƙa'idoji 29 da malaminsu Jambheshwar ya kafa a ƙarni na 15. Cikinsu akwai hana sare ɗanyen itace, amma busasshe halal ne, sai dai a duba shi kada a ƙona ƙwari. Suna tace ruwa kafin sha. Suna binne mamatansu a ƙasar da maƙwabtansu ke ƙonawa. Har shuɗin tufafi sun haramta wa kansu, abin da zai ba marinan Ƙofar Mata mamaki. A 1730 sarkin Jodhpur ya aika a saro itatuwan khejri a ƙauyen Khejarli don ƙona farar ƙasar ginin fada. Wata mata, Amrita Devi, ta rungume itace aka sare ta tare da shi, 'ya'yanta mata uku suka bi, mutane suka yi ta zuwa har aka kashe 363 kafin sarki ya ji ya dakatar, ya kuma haramta saran itace da farauta a ƙasarsu. Ki ajiye wannan kusa da labarin Moriori. Dukansu sun ƙi ɗaga makami. Na Indiya sun yi nasara domin mai saran yana da sarki a bayansa da ke jin kunya, na tsibiri kuwa babu wanda zai ji kunya a madadin maharansu. Wane irin maƙiyi za ki kawo wa Raɓawa? Amsar wannan ita za ta yanke ƙarshen littafinki.

Doka kuma tana son mai tsaron ta. A Argungu, yankin kogin Matan Fada da ake bikin kamun kifi a rufe yake ga masunta sai lokacinsa, Sarkin Ruwa ke kula da shi, ranar buɗewa kuma da homa da gora ake shiga. Bikin a yadda aka san shi yau ya faro ne a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Ga sulhu da kiyaye ruwa a wuri guda. Ki naɗa wa Raɓawa irin waɗannan sarautu: mai buɗe kurmi, mai ƙidayar amya, uwar iri wadda ke ajiye irin shuka. Ki kuma tuna duk mai riƙe da mabuɗi ana iya ba shi toshiya.

Ga wani wurin da nake so ki daɗe a kai, domin nan ne marubuta ke kauce wa: wa ke biyan kuɗin wannan zaman lafiya? Idan zaki ya shigo garke, wa ke kashe shi? Idan jan-baki ya sauka a gero ko fara ta taso, kallo ake yi? Wataƙila akwai wani gida a bayan gari da aka ɗora wa aikin jini, su ke yanka, su ke farautar dabbar da ta haukace, su ke tsaron mashigar kwari, kuma saboda haka ba a aurensu, ba a cin abinci da su a ƙwarya ɗaya. Gari yana alfahari da tsabtar hannunsa, alhali wasu ne ke ɗaukar masa dauɗar. Idan jarumarki ta fito daga wannan gida, ba sai kin nemo mugun sarki daga wata ƙasa ba tukuna, jigo yana cikin gari. Haka batun wanda ya yi kisa. Ba za su kashe shi ba, to me za su yi? Idan korar sa suke yi zuwa hamadar da ba mai tsira, ashe sun kashe shi, sun dai kawar da kai. Ki bar wani matashi ya faɗi wannan a gaban dattawa, ki ga yadda zauren zai yi tsit.

Kayan aikinsu da gine-ginensu su bi halinsu. A jihar Meghalaya ta Indiya, mutanen Khasi suna yin gada da saiwoyin wani itace dangin cediya da ke raye: su ja saiwar su ɗora ta a kan gora ko kututturen da aka rarake, ta miƙe ta haye rafi. Takan ɗauki shekara 15 ko fiye kafin a taka, amma tana ƙara ƙarfi da tsufa. Mutanen da ke gini haka ba za su yi gaggawa a magana ba, kuma gadonsu zai zama aikin da kaka ya fara jika ya ƙarasa. Lokacinsu ma kada ki auna shi da agogo. Dawowar shamuwa, fitowar Kaza da 'Ya'yanta, furen wani itace, waɗannan su ne watanninsu.

Sihiri, idan akwai, ki taƙaita shi ki sa masa farashi. A ce wasu Raɓawa suna jin ƙishin itace idan sun dafa shi, amma duk wanda ya saurara sai ya yi kwana uku ba ya jin maganar mutane, tsofaffin masu wannan baiwa kuma duk sun kurumce. Iyakar nan ta fi baiwar amfani a labari. Game da abin da suke bauta wa, kin san masu karatunki, kin san inda ake tuntuɓe. Ba dole ne su bauta wa itace kafin su girmama shi ba. Ana iya gina komai a kan amana: kwarin ajiya ce aka ba su, za a tambaye su. A tarihin Musulunci ma akwai hima, wato keɓe wani yanki a hana kiwo ko sara a cikinsa sai don maslahar jama'a, kamar Naƙi'u kusa da Madina a zamanin Annabi (SAW) da Rabaza a zamanin Sayyidina Umar. Wannan ƙasa ce da za ki taka ba tare da fargaba ba.

Sunaye da karin magana ki ƙago su daga abin da mutanen ke gani kullum. Zaginsu mafi muni ya zama "mai hannun wuta". Gaisuwarsu ta tambayi rijiya kafin ta tambayi iyali. Biyar ko shida irin waɗannan sun isa, kada ki cika.

Abu na ƙarshe, kuma nan ne masu ƙwazo irinki ke faɗuwa: duk wannan da za ki tsara, kashi ɗaya cikin goma ne zai shiga littafi. Ki sami littafin ajiya daban ki rubuta tarihin, dokokin, taswirar kwarin, sarautun. A cikin labari kuwa kada wani dattijo ya zauna gindin itace ya yi shafi huɗu yana ba da tarihi. Doka tana bayyana ne lokacin da wani ya taka ta. Ki koma babi na ɗaya, ki buɗe da safiyar da aka tarar da ɗanyen reshe a murhun wata bazawara mai 'ya'ya huɗu, a shekarar da busasshen itace ya ƙare. Wanda ya gani abokin wasan gidansu ne, kuma shi kaɗai al'ada ta ɗora wa faɗa. Ki rubuta abin da ya yi kafin rana ta take, sannan ki ba waɗancan masu karatun su sake dubawa.